Ranar da Ɗan Maraƙi Ya Ƙaryata Ni a Mayankar Garwa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da ɗan maraƙin da ko haihuwarsa ba a yi ba ya ƙaryata ni a bainar jama'a, a mayankar Garwa, ina sanye da farar rigar likita wadda ta sha guga da sitati. Shekaru sun ja, amma ko yau na tuna sai na ji ƙeyata ta yi zafi.

Lokacin ina aji uku a jami'a, ina karatun likitan dabbobi. Aji uku fa. Amma a unguwarmu tuni aka fara kira na Dokta, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba, sai ma in ƙara gyara tafiya. Gidanmu 'yan kasuwa ne, kakanninmu fatauci ya kawo su daga Kano, kuma muna ji da wannan asali kamar mu muka gina garin. Kakata Hajiya ko ɗan mahauta ta ga na zauna kusa da shi ina ƙarami, sai ta ce in je in sake riga. Da wannan tarbiyya na tafi jami'a, can kuma na ƙaro Faransanci a kai, abin ya zama ba magani.

Mu ɗaliban wancan lokaci muna da wani ciwo guda, haushin tsofaffi. Kuma in za a yi adalci, ba a banza muka kamu ba. Tun kafin a haife mu hoton shugaba ɗaya ne a bangon kowane ofis. Yayyenmu sun gama digiri suna haya da moto, wato babur, a titi, kujerun aiki kuwa tsofaffi sun zauna sun ƙi tashi (wasu ma, in ji masu faɗa, shekarunsu raguwa suke yi a takarda duk lokacin da ritaya ta ƙarato). To mu da ba mu isa mu taɓa na kan kujera ba, sai muka sauke fushinmu a kan duk mai furfura. Ko goro yake sayarwa a bakin tasha, a ganinmu shi ya tare mana hanya.

Malamarmu Madam Jenabu, wadda ke koya mana yadda ake hulɗa da makiyaya da mahauta, ta gaji da jin irin maganganunmu a aji. Ana gab da hutu ta ce kowane ɗalibi zai yi mako uku tare da wani dattijo mai sana'ar dabbobi a garinsu, ya zauna da shi, ya rubuto rahoto. Ta ce shi ma dattijon zai faɗi abin da ya gani game da ɗalibin, kuma maganarsa tana cikin maki. Muka kwashe da dariya. Ni har na ce wa abokina Hamadu to sai a tanadi tawada, don da babban yatsa za a ci jarrabawar bana.

Ni aka haɗa ni da Baba Tanko, tsohon mahauci a mayankar garinmu. Ya daɗe da ajiye wuƙa saboda hannunsa yana rawa. Kullum da sassafe yana zaune a kan wani kifaffen turmi ƙarƙashin darbejiya, daidai ƙofar garken da ake tara shanu kafin a shiga da su. Ba ya yawan magana. In ka tambaye shi abu, sai ya tauna goronsa, ya kalle ka, ya sake taunawa, sannan ya amsa. Tun ranar farko na yanke hukunci kurma ne, don haka duk maganar da zan yi masa sai na durƙuso na zuba masa ita a kunne da ƙarfi, har awakin da ke gefe su watse.

"Baba, ka san yau wace rana ce?" na tambaye shi a rana ta biyu, ina riƙe da bik ɗin rubutu da littafi, wai ina gwada ƙwaƙwalwarsa.

Ya tauna goro. "Ranar da ka zo jiya," ya ce, "yau gobenta ce."

Na rubuta cewa ya fara rikita kwanaki.

Akwai wani abu da na lura yana yi, har na ji daɗi na gano shi. Duk sa'ad da aka koro saniya mace, sai ya miƙe da ƙyar, ya taka zuwa gefenta na dama, ya dunƙule hannu ya ɗora a ƙasan cikinta, ya jingina kamar mai hutawa. Ya ɗan jima a haka idonsa a rufe, sannan ya ce wa mai saniyar wata kalma ƙasa-ƙasa, ya koma kan turminsa. Ni da iliminna nan take na fahimci matsalar: ƙafafun tsoho sun gaji, ba ya iya tsayuwa sai ya dogara da wani abu. Tausayi ya kama ni (irin tausayin nan na mai raini, wanda ya fi zagi ciwo), na je gida na ɗauko sandar marigayi kakana mai kan azurfa na kawo masa. Ya juya ta, ya yaba aikin maƙerin, ya yi mini godiya sosai, ya jingine ta a jikin darbejiya. Aka koro saniya, ya tashi ya bar sandar ya je ya jingina abinsa. Na rubuta cewa yana da taurin kai irin na tsufa.

Mako uku na yi a gefen mutumin nan, tambaya ɗaya ban yi masa a kan saniya ba. Ni ne ma nake yi masa lacca a kan ƙwayoyin cuta da wanke hannu, yana gyaɗa kai yana cewa "To, ɗan Alhaji." Mahauta in sun wuce sai su sunkuya su gaishe shi, ni kuma su ce "Dokta, ana aiki?" suna murmushi. Na ɗauka girmamawa ce.

Ranar ƙarshe Madam Jenabu ta zo duba mu, da ɗalibai biyar a bayanta, har da Hamadu da 'yan mata biyu na ajinmu waɗanda dominsu na sa aka yi wa rigar tawa sitati. Tun a bakin ƙofa na miƙa mata rahotona, shafi goma sha biyu, an buga shi a na'ura. Likitan mayankar, ganin malama da ɗalibanta, sai ya ce bari ya ba mu dama: shi zai shiga ciki duba nama, ɗaya daga cikinmu ya duba shanu matan da ke jira. Ƙa'ida ce ba a yanka saniya mai ciki, wadda aka samu da ɗa mayar da ita ake yi. Kafin ya rufe baki na ɗaga hannu.

Ta farko da aka jawo wata farar saniya ce mai dogayen ƙahoni, bazara ta tsotse ta, ana ƙirga haƙarƙarinta daga nesa. Mai ita wani bafulatani ne, Buba, daga wata ruga a hanyar Figil. Da Fulatanci ya yi bayani, kuma duk ɗan Garwa yana ji. 'Yan tare hanya sun kore masa garke a bara, 'yan ƙalilan suka rage. Wannan ita ce wadda ya gada a wurin mahaifinsa, amma shekara uku ba ta haihu ba, ya fitar da rai ta zama juya, gida kuma babu hatsi. Yana magana yana shafa wuyanta, bai yarda ya kalli ƙofar mayankar ba. Wato in na ce babu ciki, wuƙa. In na ce akwai, ta koma ruga, garken Buba ya samu mafari.

Na zura safar leda har kafaɗa, na ɗaga wutsiya, na tura hannu ta bayanta kamar yadda aka koya mana. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce sau biyu kacal na taɓa yin wannan aiki, kuma duka biyun malami ya riga ya gaya mini abin da zan tarar. Na lalube dama, na lalube hagu. Ɗumi na ji, da kashin shanu, sai numfashina. (Daga baya na gano a littafinmu an rubuta ɓaro-ɓaro cewa in ciki ya kai wata biyar zuwa shida, ɗan yakan nutse ƙasa inda hannun sabon shiga ba ya kai wa. Ranar da aka yi darasin ina kantin makaranta ina bayanin yadda za a gyara ƙasa.) Na ɗan rufe ido don 'yan matan su ga ƙwarewa, na zaro hannu, na ce da Faransanci "Vide," sannan na fassara wa talakawa: "Babu komai. A wuce da ita."

Buba ya saki wuyanta ya juya baya. Wani mahauci ya kama igiya.

Sai ga Baba Tanko ya taso daga kan turmi, yana jan ƙafa. Ya zagaya gefen dama, ya dunƙule hannu, ya jingina. Raina ya ɓaci, don ga baƙi, ga malama, tsoho zai zubar mini da aji. Ya buɗe ido ya ce, a hankali kamar mai gaya wa saniyar, "Da ɗa a ciki."

Na juya wurin Hamadu na ce da Faransanci, yadda kowa zai ji, tsohon ya gama ruɗewa, a taimaka a mayar da shi wurin zamansa kafin saniya ta take shi. Ɗalibai suka yi 'yar dariya. Madam ba ta yi ba, amma ni ban lura ba sai daga baya. Na daka wa mai igiya tsawa ya ja.

Baba ya sa hannun nan nasa mai rawa ya riƙe igiyar. Mahaucin, ƙato ne wanda zai iya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya sake ta nan take kamar ta ƙona shi.

"Ɗan Alhaji," Baba ya ce, "ni ban yi lekol ba, ban taɓa shiga aji ba. Amma zagin Faransanci babu wanda ban sani ba, tun zamanin Nasara ake yi mini shi a wurin nan. Naka ma bai nuna ba. Kawo hannunka."

Ban san lokacin da na miƙa masa hannun dama ba. Ya lanƙwashe mini yatsu ya dunƙule su, ya ja ni ya ɗora dunƙulen a ƙasan cikinta, gaban cinya kaɗan, daidai inda na yi mako uku ina ganin yana "hutawa".

"Tura," ya ce. "Ƙara. To tsaya nan, kar ka ɗaga. Kuma ka yi shiru, ko na yau ɗaya."

Na tura, na tsaya. Da farko ba komai, har na fara shirya irin kallon da zan yi masa. Sai na ji wani abu mai tauri ya kauce daga ƙarƙashin hannuna, ya yi nisa, ya dawo ya bugi dunƙulen, dum. Na ƙame. Ya sake dawowa ya ƙara mini, wannan karon da motsi, motsin abu mai rai wanda aka dame shi yana barci.

Wallahi a lokacin nan ba kunya ce ta fara zuwa ba, tsoro ne. Da Baba ya makara da taku biyar, da an farke cikin saniyar nan an zubo ɗan a kan siminti, kuma da bakina aka yi. Sai da tsoron ya lafa kunyar ta iso, ta zo kuwa da kayanta duka.

"Dokta," Madam Jenabu ta ce daga bayana (ba ta taɓa kira na haka ba sai ranar), "me ka ji?"

Na ce, da wata 'yar murya da ni kaina ban san ina da ita ba, "Akwai."

Baba Tanko ya kara hannu a kunne. "Ɗaga murya, ɗan Alhaji. Ka san mu tsofaffi ba ma ji."

Nan mayanka ta ɗauka da dariya. Mahauta, masu fiɗa, mata masu wankin hanji, har wanda ke can ciki sai da ya leƙo da wuƙa a hannu. Dole na buɗe baki na faɗa da ƙarfi, irin ƙarfin da nake zuba masa a kunne, cewa akwai ɗa a ciki. Gumi ya keto mini, na ɗaga hannu na share goshi, na manta hannun hagu ne, mai safar, kuma ban cire ta ba. Ba sai na yi bayanin abin da ya biyo baya ba. Ɗaya daga cikin 'yan matan nan sai da ta dafa Hamadu don kar ta faɗi, kuma ina jin daga nan soyayyarsu ta fara, don yanzu 'ya'yansu huɗu.

Buba shi bai yi dariya ba. Ya durƙusa gaban Baba ya kama hannunsa da hannu biyu yana ta godiya da Fulatanci, "Useko, useko, Baaba," idonsa ya kawo ruwa. Ni ko kallona bai yi ba, kuma wannan ya fi dariyar zafi. Kafin ya tafi Baba ya yi magana da manyan mahauta, suka haɗa masa buhun dawar masakwa kyauta ya ɗora a moto, shi kuma ya kora saniyarsa a ƙafa. A nan ne wani ya gaya mini abin da kowa a wurin ya sani ban da ni: babu mahaucin da ke karɓar saniya mace sai Baba ya jingina da ita tukuna. Shi kansa likitan mayankar, in ya yi shakka, wurin turmin nan yake leƙowa.

Na ɗauka an gama da ni. Ashe Madam ta buɗe rahotona tun ina cikin lalube. Ta sa aka kawo benci ƙarƙashin darbejiya, ta miƙo mini shafi na biyu, ta ce tunda a kansa na rubuta, hakkinsa ne ya ji, in fassara masa da Hausa da bakina. Na roƙe ta da ido, ta kalli sama. Haka na tsaya, goshi a wanke amma wari bai tafi ba, na karanta wa mutumin nan cewa kurma ne, ba ya gane kwanaki, ƙafafunsa sun mutu har sai ya dogara da dabbobi, kuma ina ba hukuma shawara a hana shi shiga harabar don lafiyarsa. Kowace jimla sai ya gyaɗa kai ya ce "To." Da na kai wurin sandar, ya ce kar in damu, tana da amfani, uwargidansa tana kakkaɓo mangwaro da ita.

Sannan Madam ta buɗe tata takardar ta ce, "Baba, saura naka. Me zan rubuta a kan ɗalibin nan?"

Na sunkuyar da kai. Na san na faɗi, kuma na san na cancanta. Ya daɗe yana tauna goro, irin daɗewar nan da na kira rikicewa.

"Rubuta hannunsa mai kyau ne," ya ce. "Na sha kama hannun mutane in ɗora, sai su yi ta turawa ba su ji komai ba. Shi tun bugun farko ya ji, na gani a fuskarsa. Kunne ne dai babu. Ki bar mini shi wani mako ukun, in ga ko za a samu."

Ya dangwala babban yatsansa a tawadar da na yi wa dariya, ya manna.

Na koma. Ba Madam ce ta tilasta ni ba, ta ce zaɓi nawa ne. Na ajiye farar rigar a gida, na samu wani dutse kusa da turmin na zauna. Ya nuna mini yadda ake sanin shekarun bijimi daga haƙori da zoben ƙaho, da yadda ake gane mai ciwon huhu daga tsayuwarsa tun bai yi tari ba. Ni ma ya tambaye ni ƙwayoyin cutar nan da nake ta faɗa, ashe yana ji, yana kuma so ya sani, laccar ce ba ya so. Har gidansa na ci tuwo. Da Hajiya ta ji, ta ce jikanta ya lalace, ya zama yaron mahauta. Na ce mata ai ban kai ba tukuna, ana dai duba takarduna.

Bayan 'yan watanni, damina ta sauka, ina zaune a shagon babana sai ga Buba da ƙwaryar man shanu. Ya ce ya kai wa Baba nasa, wannan nawa ne. Saniya ta haihu lafiya, mace. Babana ya ce madalla, ya tambaye shi cikin wasa ko an raɗa suna. Buba ya ce an raɗa, kowa a rugar Dokta yake ce wa 'yar maraƙar. Ya faɗa da zuciya ɗaya, babu alamar zolaya a fuskarsa, kuma har yau ban tabbatar ba.

Baba Tanko ya rasu shekara biyu kafin in gama karatu, Allah ya jiƙansa. Yanzu ni ne likita na gaske, da takarda da hatimi, furfura ta fara leƙowa a gemu (hoton bangon ofis dai bai canja ba, wannan haushin yana nan, na dai daina sauke shi a kan masu goro). Duk saniyar da aka kawo mini, kafin in sa safa sai na zagaya dama na dunƙule hannu na jingina. Bara aka turo mini ɗalibai, ina cikin jinginar na ji ɗaya yana raɗa wa ɗan'uwansa da Faransanci wai tsohon ya gaji, a samo masa kujera. Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai na tuna goshina. Na ce masa kawai ya kawo hannunsa.

Abin da na koya bai da yawa, amma na biya shi da tsada: in ka ga tsoho ya jingina da saniya, tambaye shi me yake yi kafin ka ɗauko masa sandar kakanka.